Daga Ina Cuta Take? Amsar Addinin Kirista da Yadda Ake Karkatar da Ita

A watan Janairu na 1969 wani zazzaɓi da likitoci ba su san sunansa ba ya kama Laura Wine, wata nas Ba'amurkiya mai aiki a asibitin mishan na garin Lassa, cikin jihar Borno ta yau. Aka ɗauko ta a ƙaramin jirgin sama zuwa asibitin mishan na Jos, ba a ɗau lokaci ba rai ya yi halinsa. Charlotte Shaw, nas ɗin da ta yi jinyarta, ta kamu, ita ma ta bi ta. Ta ukunsu, Lily Pinneo, sai da aka kai ta New York kafin ta sha da ƙyar. Da shekara ta zagayo cutar ta sake ɓulla a Jos, likitar asibitin, Jeanette Troup, ta yanke a yatsa tana binciken gawar wanda cutar ta kashe, ta rasu a watan Fabrairu na 1970. Waɗannan mata ne da suka baro ƙasarsu da danginsu don jinyar mutanen da ba su haɗa komai da su ba, suna kuma yin haka a matsayin ibada. In da ciwo hukunci ne da ake yanke wa mutum gwargwadon zunubinsa, to da labarinsu ya gagari fassara. Abokan aikinsu ba su tsaya tonon asirin rayuwarsu ba. Jininsu suka aika Jami'ar Yale, inda aka gano ƙwayar cutar, daga baya kuma binciken ɓarkewar da aka yi a Saliyo a 1972 ya nuna cewa wani nau'in ɓera mai shiga gidaje ne ke ɗauke da ita, yana zubar da ita cikin fitsari da kashi a kan abinci.

Abin da mutanen mishan ɗin suka yi bai saɓa wa bangaskiyarsu ba, shi ne ma abin da ta koya musu. Sai dai ba kowane mai riƙe da Littafi Mai Tsarki ne ya yarda da haka ba. A majami'u da dama a yau, daga Legas zuwa Kaduna, daga Accra zuwa Nairobi, da zarar ciwo ya ƙi jin magani sai a fara raɗa cewa wannan ba na asibiti ba ne, da hannu a ciki. Wani ya ce jifa ne, wani ya ce maita, wani ya ce la'anar kakanni ce ta biyo jini, wani kuma ya dubi majinyacin ya ce ya binciki kansa, akwai zunubin da bai furta ba. Wannan tunani ya samu ƙarin ƙarfi daga littattafan wasu masu wa'azi na Amurka. Fasto Henry Wright na jihar Georgia, alal misali, ya koyar cewa kusan kashi 80 cikin 100 na cututtuka suna da tushe na ruhaniya, ya kuma jera su ɗaya bayan ɗaya, kowace da laifin zuciyar da ya ce yana haifar da ita, wannan daga tsoro, waccan daga ɗacin rai, waccan daga ƙin kai. Ba abin mamaki ba ne irin wannan koyarwa ta samu kasuwa. Mai ciwo yana son dalili kamar yadda yake son sauƙi, kuma dalilin da ke hannunsa ya fi masa daɗi, domin in laifinsa ne to tuba za ta warkar da shi. Hausawa ma sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, saboda haka kunnenmu ya riga ya saba da wannan lissafi. Abin da nake so in nuna shi ne lissafin ya kauce wa ainihin koyarwar Kirista, kuma kaucewar tana cin rayuka.

Koyarwar ta fara ne daga Littafin Farawa, inda aka nuna Allah ya halicci duniya da jikin mutum, ya kuma yaba da abin da ya halitta. Jiki a wurin Kirista ba kurkukun rai ba ne, ba kuma abin ƙyama ba, shi ya sa ikilisiya tun farkonta ta ƙi masu cewa duk abin da ake taɓawa mugu ne. Daga nan labarin ya kai ga tawayen Adamu da Hawwa'u, abin da malaman tauhidin Kirista ke kira faɗuwar ɗan Adam. Da wannan tawaye dangantaka ta ɓaci tsakanin mutum da Allah, tsakanin mutum da ɗan'uwansa, tsakaninsa da ƙasar da yake nomawa, mutuwa kuma ta samu ƙofa. Manzo Bulus, a sura ta 8 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, ya siffanta halitta gaba ɗaya a matsayin mai nishi tana jiran 'yanci daga ruɓewa, ya kuma sa masu bi cikin masu nishin, bai ware su ba. A nan ne tushen cuta yake a mahangar Kirista, kuma abin lura shi ne tushen na kowa da kowa ne. Yana bayyana dalilin da ya sa duniya ta zama wurin da sauro ke ɗauke da zazzaɓi, jini ke gurɓata, ƙashi ke tsufa. Bai taɓa yin alkawarin bayyana dalilin da ya sa wannan yaro ya kamu, ɗan maƙwabta ya tsira ba. Tambaya ta farko ta tauhidi ce, ta biyun kuwa sau da yawa amsarta tana cikin rijiya, ko rumbu, ko gidan sauron da ya yage. Wanda ya gauraya su biyu shi ne yake mayar da majinyaci wanda ake tuhuma.

Littafi Mai Tsarki bai bar wannan batu a rufe ba, ya ware masa littafi guda mai sura 42. Labarin Ayuba sananne ne ga Kirista da Musulmi, amma yawanci haƙurinsa ake tunawa, a manta da muhawarar da ta cinye mafi yawan littafin. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zo gaisuwa, suka zauna kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, kuma wannan shi ne mafi alherin abin da suka yi masa. Da suka buɗe baki sai suka kama hanya ɗaya, cewa Allah mai adalci ne, ba ya wahalar da marar laifi, saboda haka tilas Ayuba ya aikata wani abu. Har Elifaz ya kai ga ƙirƙiro masa laifuffuka, ya zarge shi da hana mayunwata abinci da korar gwauraye hannu wofi, ba tare da shaida ko ɗaya ba, don kawai lissafinsa ya daidaita. Mai karatu kuwa ya sani tun sura ta farko cewa Ayuba adali ne. A ƙarshen littafin Allah ya nuna fushinsa a kan abokan, ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba, ya kuma sa wanda suka zarga ya yi musu addu'a. Ya kamata duk mai wa'azin da ke karanta wa marasa lafiya jerin laifuffukansu ya tsaya a kan wannan, domin mutanen da aka tsauta wa a littafin su ne waɗanda suka ɗauka suna kare mutuncin Allah.

Yesu Almasihu ya tarar da tunanin abokan Ayuba yana nan da ransa, har a cikin almajiransa. A sura ta 9 ta Bisharar Yahaya sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka tambaye shi ko zunubin mutumin ne ko na iyayensa. Ba su tambayi ko akwai mai laifi ba, wannan sun riga sun yanke, zaɓi kawai suke so ya yi tsakanin biyu. Ya ƙi duka biyun, ya karkatar da hankalinsu zuwa ga aikin da Allah zai yi a rayuwar mutumin, sannan ya warkar da shi. A sura ta 13 ta Bisharar Luka ya kawo zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba, ya kuma juya kiran tuba zuwa ga masu sauraronsa, wato masu lafiyar da ke tsaye suna auna matattu. Ke nan a koyarwarsa bala'in wani dalili ne na mutum ya binciki kansa, ba lasisin binciken maƙwabci ba.

Mai ƙalubale zai ce, kuma yana da hujja, ai akwai wuraren da Littafin ya danganta ciwo da laifin mai shi ƙarara. Maryamu 'yar'uwar Musa ta kamu da ciwon fata bayan ta yi gunaguni a kan ɗan'uwanta. Gehazi baran Elisha ya kamu bayan ya karɓi kayan Na'aman da ƙarya. Sarki Uzziya ya kamu bayan ya kutsa Haikali ƙona turare. Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa wasunsu suna rashin lafiya saboda yadda suka wulaƙanta Jibin Ubangiji, Yesu kuma ya gargaɗi mutumin da ya shekara 38 a kwance a bakin tafkin Betasda kada ya koma ga zunubi. Ba wanda zai share waɗannan, kuma Kiristan da ya ce Allah ba ya taɓa horo ta hanyar ciwo ya faɗi abin da Littafinsa bai faɗa ba. Amma a dubi yadda labaran suke. A mafi yawansu laifin a fili yake, kuma wanda ya haɗa shi da ciwon Allah ne, ko annabi, ko manzo, ko Almasihu kansa. Ba a ga inda aka fara da ciwo sannan aka koma baya ana laluben laifin da zai dace da shi ba, in ban da wurin irin su abokan Ayuba da almajiran da suka ga makahon nan, waɗanda aka ƙaryata. Cewa abu yana iya faruwa daban ne da cewa shi ne ƙa'ida, kuma ba a bai wa kowane fasto ko dattijon ikilisiya mabuɗin sanin gaibu ba.

Ƙalubale na biyu ya shafi aljanu. Bishara ta ba da labarin fitar da su, har da yaron da ke faɗuwa yana kumfar baki, da matar da ta shekara 18 a tanƙware wadda Yesu ya ce Shaiɗan ne ya ɗaure ta. Kirista bai musun samuwar mugayen ruhohi. Sai dai marubutan Bishara da kansu ba su zuba kowane ciwo a wannan kwando ba. Da Matiyu yake lissafa waɗanda aka kawo wa Yesu a ƙarshen sura ta 4, ya ambaci masu aljanu daban, masu farfaɗiya daban, shanyayyu daban. Surukar Bitrus zazzaɓi aka ce tana yi, aka tsaya a nan. Halin Bulus ya fi komai fayyace batun, domin shi mutum ne da aka ruwaito ya fitar da aljani a Filibi, amma da Timoti ya yi fama da ciwon ciki sai ya ba shi shawarar abin da zai riƙa sha, irin maganin zamaninsu. Ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba shi da lafiya, ya faɗi haka ba tare da neman wanda zai ɗora wa laifi ba. Abafaroditas ya kusa mutuwa, kuma dalilin da Bulus ya bayar shi ne wahalar da ya sha a aikin Almasihu. Shi kansa Bulus ya roƙi Allah sau uku ya cire masa abin da ya kira ƙaya a jikinsa, ba a cire ba. Luka kuwa, wanda ya rubuta Bishara guda da Ayyukan Manzanni, likita ne, kuma da wannan sana'a Bulus ya ambace shi cikin ƙauna. Illar mantawa da wannan ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rayuwa ba faɗuwa in sun samu maganin da ya dace, amma yara nawa ne ake yawo da su daga wannan gidan addu'a zuwa wancan, ana sa su azumi, har wata rana su faɗa wuta ko rijiya? A jihar Akwa Ibom zargin yara da maita, wanda sau da yawa rashin lafiya ko mutuwa a gida ke tayar da shi, ya kai matsayin da sai da gwamnati ta haramta shi a dokar kare haƙƙin yara ta 2008.

Ƙalubale na uku ya fi sauran kusa da gaskiya, shi ya sa ya fi su wuyar warwarewa. Ai likitoci ma sun yarda damuwa da fushi da rashin barci suna taɓa jiki, Littafin Karin Magana kuma ya daɗe da lura cewa farin cikin zuciya yana gyara jiki, baƙin ciki yana busar da shi. Haka ne, kuma Kirista, wanda ya ɗauki mutum a matsayin jiki da rai haɗe, shi ya fi cancanta ya yarda da wannan. Gafarta wa wanda ya cuce ka alheri ne ga ranka, yana iya sauƙaƙa maka hawan jini ma. Matsalar tana tasowa ne in aka mayar da wannan dangantaka mai sarƙaƙiya jadawali, aka ce cuta kaza daga laifi kaza take. Tarihin gyambon ciki ya isa gargaɗi. Shekaru da yawa likitocin duniya suna gaya wa masu olsa cewa damuwa ce da yawan tunani, har sai da Robin Warren da Barry Marshall a Ostireliya suka nuna a farkon shekarun 1980 cewa wata ƙwayar cuta ce a cikin tumbi ke haddasa mafi yawansa, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta na 'yan makonni yana warkar da shi. An ba su kyautar Nobel a 2005. In masana da ɗakunan gwaji sun yi wannan kuskure, ina ga wanda ya dubi mace mai ciwon daji a mama ya ce mata ɗacin rai ne? Ya ƙara mata nauyi a kan nauyi, kuma in addu'a ba ta kawo warkarwa ba sai ya ce bangaskiyarta ce ta gaza, ta rasu tana zargin kanta.

Akwai kuwa wurin da zunubi ke haifar da cuta kai tsaye, a idon kowa, kuma abin baƙin ciki shi ne nan ne wa'azi ya fi yin shiru. Sau da yawa zunubin na wani ne, ciwon na wani. Tsakanin 2008 da 2009 yara aƙalla 84 suka mutu a Najeriya bayan an ba su wani maganin fitar haƙori da aka haɗa da sinadari mai guba, ƙodarsu ta daina aiki. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, iyayensu kuwa talauci ne ya tura su sana'ar ba tare da an sanar da su haɗarinta ba, garin Bagega kuma sai a 2013 aka fara kwashe masa gurɓatacciyar ƙasa saboda jinkirin sakin kuɗi. Waɗannan yara ba su yi wa kowa laifi ba. Haka duk wanda ya karɓi kuɗin rijiyar burtsatse bai haƙa ba yana da hannu a amai da gudawar da za ta zo da damina, wanda ya sayar da jabun maganin zazzaɓi yana da hannu a gawar da za a ɗauka. Annabawa irin su Amos da Mika da Ishaya a kan irin wannan suka fi ɗaga murya, wato ma'aunin algus da toshiya da danne talaka. In Kirista yana neman tushen ruhaniya na cuta, ga shi nan a fili, ba ya bukatar wahayi kafin ya gan shi. Ko inda mutum ya jawo wa kansa, kamar mashayin da hantarsa ta lalace ko wanda taba ta cinye wa huhu, sakamako ne da ke bin hanyar da Allah ya tsara jiki a kai, kuma abin da ya wajaba a kan ikilisiya shi ne jinya da nasiha, ba murnar cewa hukunci ya sauka ba.

Daga ɗaya gefen kuma wani zai ce, in ƙwayoyin cuta da gado da talauci sun bayyana komai, mene ne amfanin zancen faɗuwar ɗan Adam? Amfaninsa yana cikin abin da yake sa mutum ya yi. Wanda ya ɗauki cuta a matsayin hukuncin da ya dace da mai ita zai ga jinya kamar shiga tsakanin alƙali da mai laifi. Wanda ya ɗauke ta a matsayin ɓarna da ta shigo cikin kyakkyawar halitta, ɓarnar da Allah kansa ya yi alkawarin kawarwa a ranar tashin matattu, zai ga yaƙi da ita a matsayin biyayya. Da annoba ta auka wa daular Rum wajen shekara ta 250, wasu Kirista a Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, sun damu da ganin tana ɗaukar masu bi kamar yadda take ɗaukar kowa. Bishop ɗinsu Kifriyanus ya amsa musu cewa muddin suna cikin jiki to sun yi tarayya da sauran mutane a rauninsa, ya kuma tura su jinya har da ta waɗanda suka tsananta musu. Wajen 370 Basil, bishop na Kaisariya a ƙasar Turkiyya ta yau, ya gina babban gidan kula da matalauta da marasa lafiya da kutare, ya kuma koyar cewa ilimin magani baiwa ce daga Allah kamar yadda noma yake. Martin Luther a 1527, da annoba ta shiga Wittenberg, ya ƙi barin garin, amma ya shawarci mutane su sha magani, su turara gidaje, su guji cuɗanyar da ba dole ba, ya kuma ɗauki ƙin yin haka a matsayin gwada Allah. A Landan a 1854, lokacin da kwalara ta kashe sama da mutum 600 a unguwar Soho, wani matashin limamin coci, Henry Whitehead, ya shiga gida gida da niyyar ƙaryata likita John Snow, wanda ya ce ruwan wani famfo ne sanadi. Binciken ya juya masa ra'ayi, kuma shi ne ya gano jaririyar da aka zubar da ruwan wankin ƙyallayenta a wani rami dab da rijiyar famfon.

Kuturta ta fi kowace cuta nuna bambancin da waɗannan fahimtoci biyu ke kawowa. Ƙarnoni da yawa ana kallonta a matsayin tambarin la'ana, har a ƙasashen Kirista. A 1873 Gerhard Hansen a Norway ya ga ƙwayar da ke haddasa ta. Daga baya likitan mishan Paul Brand, a Vellore ta Indiya, ya nuna cewa ba cutar ce ke cinye yatsu kai tsaye ba, jijiyoyi take kashewa, mutum ya daina jin zafi, ya ƙone ko ya yanke bai sani ba, rauni ya ruɓe. A ƙasar Hausa da kewayenta asibitocin kutare na Garkida da Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa, da na Danja kusa da Maraɗi, duk da hannun mishan aka kafa su ko aka tafiyar da su, kuma mafi yawan waɗanda aka yi jinya a wasunsu ba Kirista ba ne. Yau an san kusan kashi 95 cikin 100 na mutane jikinsu ba ya ma karɓar cutar, kuma haɗin magunguna na wata 6 zuwa 12, wanda ake bayarwa kyauta tun 1995, yana kashe ta. Amma maganin ba ya mayar da jijiyar da ta riga ta mutu, saboda haka komai ya dogara ne a kan zuwa da wuri, tun cutar tana ɗan tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi. Babban abin da ke hana zuwa da wuri shi ne kunya da tsoron abin da mutane za su ce mutum ya aikata, sai ya rufe tabon da riga shekara da shekaru, yana bin masu karya jifa da masu cire la'ana, har hannu ya ƙandare.